Ranar da na ɗora hannu a marar surukina

Ni dai ban iya zama wuri ɗaya ba, kuma ban iya ganin mutum yana mutsu-mutsu in kau da kai ba. Aiki ne ya mai da ni haka. Na daɗe ina jinya a wani ƙaramin asibiti a nan Yamai, anfirmiye kamar yadda ake kiranmu, kuma a ɗakin manya na ƙarar da ƙuruciyata, tsakanin masu hawan jini da masu ciwon suga da masu tarin da ya ƙi jin magani. A can ba ni da kunya ko kaɗan. Dattijo mai gemu fari fat, sai in tsaya a kansa in ce, “Alhaji, yau ka zaga? Fitsarin fa, ya fita da yawa ko ɗigo-ɗigo?” Ya yi ta kame-kame, ni kuwa ina tsaye ƙiƙam sai ya ba ni amsa. Abokan aikina har tsokanata suke yi, wai idona ya bushe tun ina ciki.

Amma da na tuɓe farar bulus, rigar aikina, na shigo gida, wata mace ce daban. Iyayena mutanen Maraɗi ne da suka daɗe a Yamai, kuma irin tarbiyyar da uwata ta yi mini, ko sunan suruki ba ya fita bakina. Surukina, uban maigidana, mutumin Tawa ne, tsohon mai fataucin albasa, dogo, siriri, mai tsabta har ta so ta yi yawa. Matarsa ta rasu tun kafin a kawo ni. Yana da hawan jini, don haka duk shekara yakan zo Yamai ganin likita, ya sauka gidanmu a Bobiyel, a ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. Baba nake ce masa. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe shi, kaina a ƙasa, in ajiye kwano in ja da baya. Shi ma bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In fura ta yi masa daɗi sai ya ɗaga murya ya ce, “Wanda ya dama furar nan, Allah shi yi mashi albarka,” alhali ya san ni kaɗai ce a tsakar gida. Ni kuma in ce amin daga cikin madafa. Wallahi ina son tsohon nan, kuma na san yana sona, amma haka muka yi shekaru ba mu haɗa ido ba.

Abin da ya ƙara ɗaure lamarin, maigidana shi ne ɗansa na fari. Kowa ya san yadda uba yake da ɗan fari a wajenmu. Baba bai taɓa kiran sunansa ba. Da yake maigidana katako yake sayarwa a kasuwar Katako, sai ya riƙa ce masa “mai katakon nan”. In suka zauna tare, ɗaya na duban gabas ɗaya na duban bango, su yi zancen ruwan sama da kuɗin mota, shi ke nan hira ta ƙare.

Ranar da nake son ba da labari wata Asabar ce cikin damina, ina hutu. Yara sun tafi gidan uwata, maigida ya tafi kasuwa, daga ni sai Baba a gida. Ina tsinke zogale a ƙofar madafa na ga ya fito da buta ya nufi bayi. Ya daɗe, ya dawo. Ban kawo komai a raina ba. Kafin in gama reshen da ke hannuna ya sake fitowa. Ya sake daɗewa. Da ya ajiye butar a gindin bango na ji ƙararta, ƙarar buta ce mai nauyi, wadda ba a taɓa ruwan cikinta ba. Sai na ajiye zogalen na fara kallo ta gefen ido.

Mutumin nan bai zauna ba. Ya shiga ɗaki ya fito, ya je ƙofar gida ya leƙa titi ya dawo, ya zauna a bakin tabarma da gefe ɗaya ya miƙe kamar an tsikare shi. Ga hadari ya rufe gari, iska mai sanyi na kaɗawa, amma goshinsa sai naso yake yi. Furar da na kai masa da safe tana nan a rufe, ko ludayin bai jiƙa ba, shi da ba ya barin ɗigo a kwano. Ruwan sha ma bai taɓa ba. Na lura ya sassauta mazugin wandonsa, yana tafe yana tallabe shi ta cikin riga. Da aka kira azahar bai tafi masallaci ba. Ta ƙofar da ya bari a buɗe na hango shi yana salla, ya zo ruku’u ya kasa sunkuyawa, kai kawai ya duƙar.

Na sha ganin irin wannan zirga-zirgar a asibiti. Tsoho ya kasa zama, ya kasa kwanciya, ya daina shan ruwa da kansa, yana gumi, yana yawon bayi ba ya dawowa da sauƙi a fuska: kafin in nemi komai, mafitsara nake fara nema. Fitsari ne ya tsaya. Yana taruwa, ba hanyar fita. In aka bar shi haka sai ya koma ya danne ƙoda, ya lalata ta, kuma mai hawan jini irin Baba, azabar kaɗai ta isa ta tura jininsa inda zai faɗi rabin jiki ya mutu. Da a asibiti ne da tuni na gama: in tambaya, in taɓa mara, in sa a kawo roba. To amma wannan Baba ne.

Na kira maigida a waya na ce ya bar komai ya zo. Ya zo da ƙurar katako a hula, ya shiga ya gaida ubansa, ya fito ya same ni a madafa.

“Ya ce da sauƙi,” in ji shi.

“Da sauƙin me? Me ka tambaye shi?”

“Na ce yaya jiki.”

Haba! Na ji kamar in ɗora hannu a ka. Wane Bahaushe ne aka taɓa ce wa yaya jiki ya ce ina mutuwa? Na miƙa masa na’urar awon tansiyo, wato hawan jini, da muke da ita a gida, na ce ya je ya gwada shi. Ya dawo fuskarsa ta canza, ya nuna mini. Jinin ya hau sosai, ya wuce duk yadda muka saba gani. Nan take ya nufi kwandon da muke ajiye magani.

“Bari in ƙara masa ƙwayar hawan jinin, ɗaya ba ta riƙe shi ba.”

Na tare kwandon da jikina. “Malam, kar ka ba shi. Ba ciwonsa ne ya tashi ba, azaba ce ta tayar da jinin. In ka ƙara masa ƙwaya, azabar na nan, sai dai mu ƙara masa jiri. Je ka tambaye shi yaushe rabonsa da fitsari.”

Ya dube ni kamar na zage shi. “Ni? In tambayi Baba wannan?”

“To wa zai tambaya? Ni?”

Muka tsaya muna kallon juna, muna faɗa da raɗa don kada tsohon ya ji. Ya ce ai Litinin suna da randebu, wato ranar ganin likita, a bari likita ya tambaya, aikinsa ne. Na ce Litinin ɗin me, mutumin da ko ruku’u ya kasa? Ya ce ni komai sai na mai da shi asibiti, wataƙila murar nan ce kawai ta takura masa. Na ce wace mura? Sai ga shi yana gaya mini cewa shekaranjiya Baba ya yi ta atishawa, shi kuma ya tsayar da masu yawo da magani a faranti a bakin kasuwa, ya saya masa ƙwayar mura, irin mai busar da hanci, kuma Baba yana ta sha safe da yamma.

Innalillahi! Nan na gama tabbatarwa. Na ce masa, “Ka ga, maza in sun manyanta akwai wani nama a ƙarƙashin mafitsara da ke kumbura ya matse hanya. Da ma fitsarin da kyar yake fita. Irin wannan ƙwayar kuwa ita ke ƙarasa rufe hanyar ruf. Na ga haka ba sau ɗaya ba.” Sai ya zauna a kan turmi ya cire hula. Tausayinsa ya kama ni, don da kyakkyawar niyya ya saya, amma ba ni da lokacin lallashi. Na ce ya tashi ya je ya ce wa Baba mu tafi asibiti.

Ya je. Ina jin su daga inda nake. Baba ya ce, “Asibitin mi? Ba abin da ke damuna. Litinin ba ta zo ba.” Shi ke nan, ɗan fari ya fito da kai a sunkuye.

Ban bar dabarar da ban yi ba don in kauce wa shiga ɗakin nan. Akwai wani dattijo a layinmu, shi ma mutumin Tawa, abokin hirar Baba, wanda zai iya tambayarsa komai suna dariya. Na aika maigida gidansa, aka ce ya tafi Saga ta’aziyya, wayarsa kuma a kashe. Na kira majo, wato babban ma’aikacin jinya na ɗakinmu, namiji ne mai hankali, na ce ko zai zo gida ya duba shi. Ya ce shi kaɗai ne namiji a bakin aiki, ga marasa lafiya cike da ɗaki, ba zai iya fita ba, amma in muka kawo shi zai bar komai ya karɓe shi. Ya ƙara da cewa, “Madam, ke ma kin san kada ya kai yamma.” Na dafa ruwa na sirka, na cika buta da mai ɗumi na ajiye a ƙofar bayi, na buɗe famfon da ke kusa ya riƙa zuba a bokiti, don wani lokaci ɗumin da ƙarar ruwan sukan saki mafitsara. Baba ya shiga, ya daɗe. Ni ina madafa ina kai da kawo, na ɗauki wuƙa na ajiye, na buɗe tukunya na rufe, ba abin da nake dafawa. Da ya fito sai da ya dafa bango. Kuma na ji wani ɗan nishi ya kuɓuce masa, ya yi maza ya mai da shi tari.

Wannan nishin ne ya ƙarar da haƙurina. Na shiga ɗaki na ɗauko bulus ɗina da na wanke na goge don Litinin, na saka a kan zanen gida. Har yau in na tuna sai in yi dariyar kaina: wai ina ganin in na sa farar riga zai ga anfirmiye, ba matar ɗansa ba. Maigida ya gan ni ya miƙe. “Ina za ki?” Na ce, “Inda ka kasa zuwa.” Magana ce mai zafi, na sani, amma a lokacin raina a ɓace yake da shi, da Baba, da uwata da ta koya mini sunkuyar da kai, da kowa ma.

Na yi sallama na shiga. Ban durƙusa a bakin ƙofa ba, na wuce har gaban katifa. Yana kishingiɗe da gefe, gwiwoyi a naɗe, carbi a hannu amma ba ja yake yi ba, matse shi yake yi. Da ya ga ƙafafuna kusa da shi sai ya yunƙura zai tashi zaune. Na durƙusa dab da shi, na ɗaga kai na dube shi. Ranar na fara sanin cewa akwai wani ɗan tabo a gefen girarsa.

“Baba, ka gafarce ni. Yaushe rabonka da fitsari?”

Famfon da na bari a buɗe kaɗai ake ji. Ya dube ni daƙiƙa guda, irin kallon da ban taɓa so in sake gani ba, ba fushi ba ne, kallon mutumin da aka yaye wa riga a kasuwa ne. Sannan ya juya fuska ga bango.

“Baba, ba rashin kunya ba ce. In fitsarin ya tsaya, ƙodarka ce za ta lalace. Ina tsoron kada mu rasa ka.”

Bai juyo ba. Amma na riga na shigo. Na ce, “Zan taɓa cikinka, Baba, ta kan riga.” Bai hana ni ba. Na ɗora tafin hannuna a ƙasan cibiyarsa. Subhanallahi. Mutum siriri irin Baba, amma mararsa ta taso ta yi tauri kamar an kifa ƙwarya a ƙarƙashin rigar, ta hau har kusa da cibiya. Na ɗan danna kaɗan, ya saki wata ƙara da ya yini yana haɗiyewa, ya damƙe gefen katifa.

Can, fuskarsa na bango, ya ce da wata murya ƙasa-ƙasa, “Tun jiya da la’asar.”

Na ce, “To mu tafi, Baba. Namiji ne zai duba ka. Ni ba zan shiga ba.”

Sannan ya ce, ba da ni ba, da bangon, “A ce ma mai katakon nan shi kawo mota.”

Duk wanda ya san Bobiyel da damina ya san abin da muka sha kafin mu hau gudron, wato kwalta. Layinmu ya zama tabki-tabki, motar na faɗawa rami tana fita, kuma kowane rami sai na ji shi a jikina don na san abin da yake yi wa tsohon da ke kwance a baya. Ina gaba ban waiwaya ba. Maigida na tuƙi yana salati, ni ina ce masa ya yi sauri, in ya yi sauri in ce ya yi a hankali, har ya daka mini tsawa ya ce in zaɓi ɗaya.

Majo na jiranmu a bakin ƙofa. Ya karɓe shi da “Sannu Baba, sannu, yanzu za ka ji daɗi,” ya ja labule ya rufe ƙofa. Ni na tsaya a baranda, a asibitin da na fi sani fiye da ɗakina, ban san inda zan sa kaina ba. Na je bakin famfo na wanke hannun da ba abin da ya ɓata shi, na dawo, na gyara wa wata mai jiran gado ɗankwali ba ta roƙe ni ba. Ba a jima ba majo ya leƙo ya ɗaga mini babban yatsa. Ya sa masa sondi, robar da ake zurawa ta fitar da fitsari zuwa cikin jaka, kuma abin da ya fita, in ji shi, ya kusa cika ƙaramin bokiti. Da aka sake gwada tansiyo bayan ya huta, jinin ya sauko da kansa, ba a ba shi ko ƙwaya ɗaya ba. Aka riƙe shi ana lura da shi, aka ɗebi jini. Ƙodar ta ɗan taɓu, amma likita ya ce za ta warware, kuma ta warware. Majo ya ce mini, “Madam, kin yi aiki.” Na ce masa ya bar ni kawai, don ni ba daɗi nake ji ba, kuka ne ma ke neman ƙwace mini.

Muka dawo da shi gida da jakar a ƙarƙashin babbar riga. Duk abin da ya kamata a yi, yadda ake zubar da jakar, yadda ake rataye ta ƙasa da mara, yawan ruwan da zai sha, na koya wa maigida a madafa, shi kuma ya je ya koya wa dattijon nan na layinmu da ya dawo daga Saga, dattijon ya koya wa Baba. Haka maganata ta riƙa zagayawa ta bakin mutum biyu kafin ta shiga ɗakin da ke taku kaɗan daga inda nake. Baba bai ƙara fitowa tsakar gida ba in ina nan. In na ajiye kwano na gaishe shi, amsar takan zo a taƙaice, daga can ƙuryar ɗaki. Kafin mako ya zagayo ya sa aka kwashe kayansa zuwa gidan wani ɗan garinsu kusa da Katako, wai ya fi kusa da asibiti. Ƙarya ce, ya fi nisa. Daga can aka yi masa aiki, aka cire robar, ya warke sarai, ya koma Tawa.

Bai sake taka gidana ba. Shekara na zagayowa ya zo Yamai ganin likita, ya sauka can gidan ɗan garinsu, maigida ya je ya gaishe shi ya kai masa yara. In muka je Tawa da salla, ina shiga gidan za a ce yanzun nan ya fita gona, ko yana masallaci, kuma ba zai dawo ba sai na koma ɓangaren mata. Ƴan’uwan maigida sun sha gaya mini bai taɓa faɗin mugun abu a kaina ba, har ma yakan ce Allah ya saka wa wadda ta yi masa tsaye. To ina ruwana da saƙo? Ni mutumin nake so in gani.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na yi fushi mai tsanani. Ina wanke-wanke ina faɗa da shi a zuciyata: to da me kake so in yi, Baba? In bar ka ka mutu da mutuncinka? In zauna a madafa ina tsinke zogale har a fito da kai a kwance? Wani lokaci kuma sai fushin ya juya kaina, in ce da na ƙara jira kaɗan wataƙila dattijon ya dawo daga Saga da wuri. Sai in tuna taurin marar nan a tafin hannuna in ce a’a, ko yau aka maimaita haka zan yi. A asibiti na ci gaba da tambayar tsofaffi abin da nake tambayarsu, sai dai na koyi korar ƴan dubiya waje tukuna, musamman surukai da ƴaƴan fari, kafin in buɗe baki.

Shekaru suka tafi, yaranmu suka girma, furfura ta fara fito mini. Sai wata rana aka bugo daga Tawa cewa Baba ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya mutu. Aka kawo shi babban asibiti a Yamai, ya yi kwanaki, likitoci suka ce sauran jinya sai a gida. Amma jinyar ta gagara tun a asibitin. Ya hana ƴaƴansa mata su taɓa shi, ya hana ɗan fari, in aka zo gyara shi sai ya riƙe zane da hannun da ya rage masa ya yi ta gurnani. Har bayansa ya fara ja saboda kwanciya wuri ɗaya. Ni ina gida ina jin labari, na kasa zaune na kasa tsaye, na san abin da jan nan ke zama in aka bar shi, amma ban je ba, don kada ganina ya ƙara masa ciwo. Ranar sallama wani ƙanen Baba ya sunkuya ya tambaye shi gidan wa za a kai shi. Maigida ya ce mini sai da Baba ya maimaita saboda harshensa ya yi nauyi. Cewa ya yi, “Gidan yarinyar nan. Ita ta riga ta gani.”

A gidana ya yi watanninsa na ƙarshe, kuma a gidana ya cika. Ni ke juya shi, ni ke wanke shi, ni ke canza masa shimfiɗa, ni ke ba shi kunu da cokali kaɗan-kaɗan don kada ya shaƙe. Jan bayan nan bai zama gyambo ba, wannan kam na tsaya a kansa. Yawanci ba ya magana, ni ma ba na yi, in gama in fita. Wata safiya na kwantar da shi da gefe ina shafa masa man kaɗe a baya, sai na ji ya yi gyaran murya.

“Ɗiyata.”

Hannuna ya tsaya. “Na’am, Baba.”

“Kin yi hushi da ni?”

Na so in ce a’a, haka ya kamata suruka ta ce. Amma hawaye sun riga sun zubo mini, na ce, “Na yi, Baba. Na yi sosai.”

Na ci gaba da shafa man. Can ya ce, “Ni ma na yi.” Ya ja numfashi. “Juya ni, wannan gehen ya gaji.”

Na share fuskata da bakin zane, na sa hannu ɗaya a kafaɗarsa ɗaya a ƙugunsa, na juyo shi wajena.